Safar Hannun da Aka Auna a Jikin Rumbu

Shekaranjiya na kai takalmin ƙwallon ɗana wurin mai gyara a bakin kasuwar Illela. Yana kwance buhun da yake tara guntayen fata sai warin jima ya buge ni, warin nan na bagaruwa da man gyaɗa da fatar akuya, irin wanda baƙo yake toshe wa hanci. Ni kuwa tsayawa na yi ina shaƙa kamar an kunna mini turaren wuta, har mai gyaran ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau. Ta ina zan fara yi masa bayanin cewa a cikin wannan warin aka raine ni, kuma yanzun nan ya mayar da ni zauren kakana, shekarar da ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta tsallaka iyaka?

Kakana baduku ne. Tun da na yi wayo a wuri ɗaya na san shi, kan buzu a kusurwar zaure, ƙafa ɗaya a miƙe, basilla a hannu, zare a leɓe. Yana ɗinka kube da alabe da takalma da linzami, kuma in aiki bai yi masa ba sai ya warware shi gaba ɗaya, ko da mai shi yana tsaye yana jira. Ni ce 'yar farin babana, don haka ana yaye ni aka miƙa ni sashen kakanni, ko da yake duk gida ɗaya muke. Shi yana kirana amarya, ni ina kiransa Tsoho. Kullum sai ya ce zai sake ni saboda ban iya tuwo ba, ni kuma in ce dama na gaji da miji mara haƙora. A duk gidan ni kaɗai nake gaya masa abin da na ga dama, kuma Allah ya yi ni da baki, ba na ɓoye wannan.

Idan kai ɗan yanzu ne, dole in tsaya in yi maka bayani, in ba haka ba za ka ɗauka gidanmu gidan gaba ne. Babana shi ne ɗan farin Tsoho. A wurinmu uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya kallon fuskarsa, ba ya cin abinci da shi, ba ya yabonsa a gaban kowa. Da asuba Baba zai zo ya durƙusa a bakin ƙofar zaure ya yi gaisuwa, Tsoho ya amsa yana kallon fatar da ke cinyarsa. In akwai magana, ni ake bi. Tsoho zai ce, "Amarya, ce ma wancan akuya ta kwance." Baba yana nan durƙushe, ya ji da kunnensa, amma sai na juya na maimaita masa kafin ya tashi. Shi ma Baban haka yake yi da ni. Sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba, daga "ke" sai "yarinyar ga". Wata rana na tambayi Inna, kakata, ko faɗa suka yi. Ta yi dariya har ta ajiye maburgi, ta ce, "Ba hwaɗa na ba, kunya ta."

To ni na yarda da Inna, amma Baba bai gama yarda ba. Abu biyu ne suke cin zuciyarsa. Na farko, ya bar dukanci, sana'ar gidanmu, ya koma gyaran keke da babur a kusa da tasha. Na biyu, ga shi magidanci da mata da 'ya'ya, amma bai daina ƙwallo ba. Shi ne golan unguwarmu. Kunya ta hana Tsoho yabo, wannan kowa ya sani. Abin da Baba bai sani ba shi ne ko a bayan kunyar akwai yabon, ko kuwa ɓacin rai ne ya samu wurin ɓuya.

Ƙungiyar tamu kuwa, in ka gan ta sai ka tausaya mata. Akwai mahauci, da tela, da 'yan albasa biyu, da wasu samari manoma, sai koci, wani malamin firamare mai son hura usur ko babu dalili. Filinsu bayan makaranta ne, turakun gola na icen dogonyaro, babu raga. Tela ne ya ɗinka musu riguna da yadi iri ɗaya, amma wanki ya sa kowace ta koɗe yadda ta ga dama. Ƙwallo ɗaya gare su tak, kuma duk sati sai ta fashe. Wa zai ɗinke? Tsoho. Za a aiko da ita, ya juya ta a hannu ya yi tsaki, ya ce wasan banza, mutane da gemu suna bin fata a guje. Yana faɗa yana zura zare a basilla, kuma na lura ko aikin wa ke gabansa sai ya ture shi ya fara gama ƙwallon.

A shekarar da nake ba ka labari an fara gasa bayan an gama girbi, gero ya shiga rumbu, mutane sun samu sukuni. Babu wanda ya sa musu ido. Sai aka ji sun ci ƙungiyar garin Araba. Aka ce sa'a ce. Suka je Lafani a bayan akori-kurar albasa, suka sauka suna wari kamar miya, suka ci. Suka ci Tozai a filinmu, ranar har mata suka leƙo ta kan katanga. Kafin a farga kofin ƙaramar hukuma yana shagon tela a kan keken ɗinki, yara suna layi suna taɓawa. Ana ta faɗin mahauci da ya iya cin ƙwallo da ka, amma duk wanda ya san wasa ya san inda maganar take. Baba ne. Dogo ne, mai manyan hannuwa, kuma da hannu tsirara yake tsaron gidansa.

Daga nan aka kira su Sakkwato gasar jiha. Sun tsallake zagaye biyu, a na uku suka haɗu da wata babbar ƙungiya mai motarta da likitanta, aka cire su. Ba a yi musu kaca-kaca ba, kuma dalili shi ne Baba. Amma ƙwallon can ba irin tamu ba ce mai laushin ɗinki, ta kanti ce, mai tauri, an cika ta da iska. Ya dawo da tsakanin yatsunsa a tsage, hannun dama a kumbure, sati guda bai iya riƙe sifana ba. Wannan wasan ne wasu mutanen Ƙwanni ta Nijar suka kalla, sai ga takarda an aiko wa koci: ana gayyatar ƙungiyarmu gasar garuruwan bakin iyaka, biyu daga Nijar, biyu daga Nijeriya.

Ka san tsakanin Illela da Ƙwanni. Mutum yakan je da hantsi ya sayo abin da zai saya ya dawo ya samu azahar a gida. Rabin danginmu suna can, mahaifiyata ma 'yar can ce. Amma a wannan shekarar Ƙwanni ta zama ƙasar waje. Mutanen unguwa suka sa wa abin suna gasar Afirka, kuma wallahi babu mai dariya in ya faɗa. Koci ya fito da wata tsohuwar kwat ya fara sawa a cikin zafin bazara. Mahauci ya fara gaida mutane da Faransanci, kalma biyu da ya iya. Ni kaina na gaya wa 'yan ajinmu cewa babana zai tafi Afirka.

Ana cikin wannan murna sai ƙanen Tsoho, wanda muke kira Baffa, ya zo zaure da rana tsaka, ya zauna bai ko sha ruwa ba. Ina gefe ina murza wa Tsoho zare da kakin zuma. Baffa ya ce, "Yaya, abin ga ya isa hakanan. Magidanci, gaban surukkainai za shi tsayawa da guntun wando, cinyoyi waje? Ga hannun da shika ci da iyali ya lalace. Kai kaɗai ka iya hana shi. Kalma guda ta." Gaskiya ya faɗa, don Baba ya sha faɗa a gaban mutane cewa ranar da Tsoho ya ce ya bari, ya bari. Tsoho ya ja zare, ya ɗaure, ya cije da sauran haƙoransa, sannan ya ce, "Na jiya." Bai ƙara ba. Baffa ya zauna ya gaji ya tafi.

Kafin la'asar maganar ta zaga unguwa. Baba ya tare ni a bakin rijiya, yana kallon guga, ya ce, "Ke, mi Tsoho yac ce?" Na ce cewa ya yi ya jiya. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Kwana uku Baba yana tura kwanon tuwo gefe. Na ji shi yana gaya wa mahaifiyata cewa ba ƙwallon ce ta dame shi ba. Abin da ya dame shi, ya kai shekarun da ya kai bai san ko ya taɓa yin abu ɗaya da ya faranta wa tsohon nan rai ba. Ya ce in ranar tafiya ta zo bai ji komai ba, to shirun nan hani ne, ba za shi ba. Koci ya zo ya yi magiya, Baba ya ce ya riga ya gama magana. Na ji haushin su duka biyun, har na ƙi kai wa Tsoho ruwan alwala.

Washegari da hantsi, bayan Baba ya fita, Tsoho ya ce, "Amarya, taso." Ya ɗauki zare ya zagaya da ni bayan babban rumbu. Baba ne ya yi masa yaɓe a ranin da ya wuce, kuma in ka taɓa ganin yaɓen hannu ka san yadda sawun tafi da yatsu ke zama a jikin laka. Tsoho ya bi yana dubawa har ya samu wani sawu da ya fito sosai, yatsu biyar cif. Ya ɗora zare a kan kowane yatsa, ni ina danne masa bakin, shi yana ƙulla alama. Da ya gama bai tashi nan take ba. Ya ɗora nasa hannun a cikin sawun, na ga yatsunsa ba su ko kai rabin gaɓar ƙarshe ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "In kinka hwaɗi, sakin ki zan yi."

Kwana huɗu yana ɗinka safar hannu da jar fatar akuya, mafi kyau da yake da ita, wadda ya daɗe yana hana kowa. In ya ji sallama sai ya tura ta ƙarƙashin buzu. Da ya gama ya naɗe a tsumma ya ce, "Kai ma wancan. Ki ce wani na yab ba da aiki, bai dawo ɗauka ba." Na ruga da gudu. Baba ya buɗe, ya tsaya yana kallo, sai ya fara sawa. Yatsu suka ƙi shiga. Ya tura, ya murza, ya ja da haƙori, gumi ya keto masa, safar ta tsaya a rabin hannu. Ya ce, "Ki ce mishi ta yi daidai." Na koma zaure na ce, "Ya ce ta yi daidai, amma ƙarya shikai, ko yatsu ba su shiga ba."

Tsoho ya dafe goshi ya ce, "Laka! Laka tsukewa takai in ta bushe." Mutumin da ya san yadda kowace irin fata take ja da yadda take saki, ya manta da halin ƙasar da ya tashi a kanta. Inna da ta ji abin da ya faru ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Malam, ɗanka na nan gida guda da kai, da hannunai biyu, kat tahi kana aunin bango? Bari in kira shi ka auna." Tsoho ya ɗaure fuska ya ce kada ta kuskura.

Inna ce ta samo dabara. Ta ce in ɗauki littafin makaranta da fensir in je in ce an ba mu aikin zana hannun babba. Baba ya san babu malamin da ya ba da wannan aiki. Amma ya shimfiɗa hannunsa a kan takarda ya kau da kai yana kallon kaji. Ranar ce na fara taɓa hannun babana da wayona. Yana da nauyi, da kanta, baƙin man inji ya zauna a cikin layukan tafin, ga tsagar nan tsakanin yatsu ba ta gama warkewa ba. Na bi da fensir a hankali don kada in fama masa. Da na zo wurin ciwon na dakata, sai na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba ya zahi, ci gaba." Ban san dalili ba, ƙwalla ta cika mini ido, na gama na gudu.

Ta biyun ta zauna kamar da ita aka haife shi. Tsoho ya cusa auduga tsakanin yatsu, kuma a tafin ya juya fatar, ɓangaren mai kaushi ya koma waje. Na tambaye shi ko ya yi kuskure ne kuma, ya ce in rufe masa baki. Inna ta aika wa tela ya ɗinka wa gola dogon wando, maganar cinyoyi ta mutu. Da Baffa ya dawo da ƙorafi, Tsoho ya ce, "Aiki anka kawo, ni kau baduku na." Baba ya koma fili. Amma na ji ya ce wa mahaifiyata wannan izini ne kawai, tausayin hannu ne, ko baƙo ne Tsoho zai yi masa. Ya samu tafiya, abin da yake nema dai bai samu ba.

Wasan farko a Ƙwanni sun ci, labari muka ji. Ranar wasan ƙarshe unguwa ta watse tun kafin azahar, a keke, a babur, a amalanke, a ƙafa. Zafi ya yi zafi, gabas ta haɗa baƙin hadari. Inna ta tambayi Tsoho ko za shi, ya ce shi ba yaro ba ne. Muna nan mu uku gida ya yi tsit. Bayan ya sallame azahar sai na ga ya jawo kekensa yana matsa taya. Ya ce, "Amarya, taso mu tai Ƙwanni, zare ya ƙare." Zare kuwa yana nan cike da ƙwarya, ni na murza shi. Inna ta dube shi, ta dube ni, ta ce a sauka lafiya.

Ya goya ni muka bi hanya. Masu tsaron iyaka na nan da na can duk sun san shi, hannu kawai suka ɗaga. Da muka isa bai shiga cikin mutanenmu ba. Ya zagaya can bayan gola, ƙarƙashin wani dogonyaro, ya jingine keke, ya cire takalmi ya zauna a kai, ya juya wa fili baya yana fuskantar katanga, ya zaro carbi. Ya ce in hau kariyar keken in tsaya. "Ke ta idona yau," in ji shi.

Ban san dokar ƙwallo ba, ihu na iya. Ina ta cewa ga su nan sun taho, sun koma, mahauci ya faɗi, koci ya cire kwat. Kafin hutu kowa ya ci ɗaya. Da aka dawo aka sauya gida, sai ga Baba a golar da ke gabanmu, bayansa kawai muke gani. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Tsoho ya zaɓi wurin. Duk sanda na ce Baba ya kama, sai ya tambaya, "Da hannu biyu? Ɗunkin bai ɓalle ba?" Wai shi ɗinkinsa ya zo dubawa. Amma carbin nan gudu yake a hannunsa, kuma na tabbata ba ya ƙirga komai.

Sai yayyafi ya sauko, ƙamshin ƙasa ya tashi, ƙwallo ta jiƙe ta zama santsi. Golan Ƙwanni da safarsa ta kanti mai sheƙi ya kama wata ƙwallo ta sulluɓe masa, mahauci ya tura ta ciki. Mutanenmu suka haukace. Baba kuwa duk wadda ta zo sai ta manne masa a tafi. Na sunkuya na ce, "Tsoho, ashe ba kuskure kay yi ba." Ya ce, "Kalli gabanki."

Saura kaɗan a tashi alƙalin wasa ya hura usur ya nuna tsakiyar gidanmu. Fili ya yi shiru. Tsoho ya ce, "Mi ya hwaru?" Na ce na ji ana cewa fenariti ce, mutum ɗaya zai buga, Baba shi kaɗai zai tare. Sai na ji motsi a bayana. Tsoho ya miƙe, babu takalmi, ya juyo. Tun da nake ban taɓa ganin ya ɗora ido a kan babana ba sai ranar. Ɗan wasan ya ja da baya, ya taho, ya buga ƙasa-ƙasa ta dama, ta wajen hannun mai ciwo. Baba ya miƙe a iska tsawonsa duka, ya faɗi a cikin taɓo, ƙwallon tana ƙirjinsa, jar safar nan ta rufe ta.

A kusa da mu akwai wani dattijo ɗan Ƙwanni da ya riƙe kai da hannu biyu. Cikin takaici da mamaki ya juyo ya ce wa Tsoho, "Kai jama'a! Malam, golan ga ɗan wa na a Illela?" Tsoho bai ɗauke ido daga fili ba. Ya ce, "Ɗana na." Sannan ya ƙara da cewa, "Na hwari." Sai ya farga, ya dube ni. Na ce, "Na sani, saki na za ka yi." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wanga ba wasa na ba, amarya. Amana ta." Kafin a hura tashi mun kama hanya. Da muka iso Inna ta ce ina zaren, ya ce babu irin wanda yake so.

An shigo da kofi Illela da kiɗa da guɗa, aka zaga da shi har kasuwa. Washegari Baba ya zo gaisuwa, ya durƙusa inda ya saba, ya ajiye safar a bakin ƙofa, ya ɗan jima fiye da kullum. Na san abin da yake jira. Tsoho yana kallon aikinsa ya ce, "Amarya, ce ma wancan shi shahwa musu mai, kada su bushe." Na juya na maimaita. Maganar tana kan harshena, tana ƙona ni, ni da ban taɓa riƙe sirrin kowa ba. Baba ya ɗauki safarsa ya fita.

Ƙungiyar ba ta sake tsallaka iyaka ba. 'Yan albasa suka bi kasuwa kudu, aka yi wa koci canjin makaranta, Baba ya ƙara shekara biyu ya ajiye. Ni kuma na riƙe amanar har na yi aure, har na haihu. Sau da yawa na yi niyyar faɗa, in tuna fuskar Tsoho a ƙarƙashin dogonyaron nan in fasa. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Ranar sadakar ukun Tsoho, da rana bayan masu gaisuwa sun ragu, na tarar da Baba shi kaɗai a zaure. Buzun yana shimfiɗe babu kowa a kai, shi kuwa yana zaune a bakin ƙofa, wurin durƙusonsa. Na zauna nesa kaɗan na ce, "Baba, Tsoho ya je Ƙwanni ranar kofi." Ya ce bai je ba. Na ce ya je, ni ya goya a keke. Na ba shi labarin dogonyaro, da carbi, da rumbu, da dattijon da ya yi tambaya. Ya ce, "Mi yac ce?" Na faɗa masa. Ya ce, "Sake hwaɗi." Na sake. Sau uku yana sa ni ina maimaitawa, sannan ya rufe fuska da manyan hannuwan nan nasa, kafaɗunsa suna rawa. Na tashi na ba shi wuri.

Yanzu an rushe rumbun, an yi ɗakin siminti a wurin. Filin bayan makaranta yana da turakun ƙarfe da raga, yara suna sayen safar hannu a kasuwa kala-kala. Iyaye maza suna tsayawa a bakin fili suna ƙwala wa 'ya'yansu na fari kira da suna, babu mai ko waiwayowa. Ni ma ɗana na fari sunansa nake kira, har in rungume shi, kuma ba na jin na yi laifi. Amma ba na yarda a zagi tsofaffinmu a gabana a ce ba su da ƙauna. Na ga mutumin da ya tsaya yana auna bango don ba zai iya riƙe hannun ɗansa ba, kuma na gode wa Allah da ya sa ni a tsakaninsu, na gode wa Tsoho da ya yarda da bakina, na gode wa ƙaramar ƙungiyar nan da ta ja shi har ya juyo.

Jiya na karɓo takalmin na kai wa yaron fili, don shi ma gola ne. Na tsaya daga gefe a jikin katangar makaranta. Baba yana can bayan raga a kan kujerar roba, gemu ya yi fari, yana ta tsokanar jikansa wai hannunsa kamar na mai tallan ƙosai. Yaron ya tare wata ƙwallo mai wuya, wani baƙo ya tambaya ɗan wane ne. Baba ya san ina tsaye a wurin. Bai dube ni ba, har yau ba ya yi. Amma ya ɗaga murya yadda zan ji, ya ce, "Ɗan ɗiyata na. Ta hwari."